Mai Shuɗin Wuya a Kan Duron Na-riga-ka

Ya kai mai karatu mai daraja, wanda Allah Ya hore wa natsuwar zama da takarda a wannan zamani da kowa ke sauri kamar wuta ta kama masa gefen riga, ina gaishe ka gaisuwar masu ilimi, ina kuma roƙonka ka gyara zama. Idan a tsaye kake, nemi kujera. Idan abinci kake ci, kammala tukuna, domin ba na so a ce wani bawan Allah ya ƙware ta dalilin alƙalamina. Ni mai yi maka wannan bayani tsohon sufeton makarantu ne. Na yi aiki a zamanin da ake auna ɗalibi da kyan rubutunsa da tsabtar farcensa, na kuma ajiye aikin da mutuncina cikakke, babu ko ɗigon tawada a aljihun rigata. Ban saba ɓata takarda a kan abin dariya ba. To amma zance ya yaɗu a unguwa, kowa yana ƙara masa gishiri gwargwadon ɗanɗanon bakinsa, har na ji wani a shagon aski yana rantsuwa wai jimina ce ta sauka a kan mijin ƙanwata. Da na ga ƙarya ta fara yin fure, sai na ce ba za ta yi 'ya'ya ina raye ba. Saboda haka ya zama wajibi a kaina, a matsayina na Shugaban Ƙungiyar Masu Kallon Tsuntsaye ta unguwarmu, in tsara maka lamarin daki-daki yadda ya gudana a gaban idona, domin na baya su sami madogara.

Da farko ka sani cewa a bayan ma'aikatar ruwa akwai wani tafki da dogayen ciyayi suka kewaye. Idan bazara ta kama, tsuntsayen da ke kan hanyar komawa ƙasashensu na nesa sukan ya da zango a wurin, su sha ruwa, su huta gajiya, su wuce. A bakin tafkin muka kafa rumfa da benci, muna zama da sassafe muna kallonsu. Kowa yana da ɗan madubinsa na ratayawa a wuya, amma dukiyar ƙungiya guda ɗaya ce: wani babban madubin hangen nesa mai ƙafa uku, wanda muke kira Dogon Ido. Idan ka sa ido a cikinsa, zalɓen da ke can ƙetare sai ka ga kamar zai tsone maka ido da baki. Dokarmu kuwa, wadda ni na tsara ta, kuma har yau ban ga inda allura za ta shiga jikinta ba, ita ce: duk wanda ya fara ganin baƙon tsuntsu mafi wuyar gani a shekarar, ya kuma nuna wa shaidu biyu suka gani, shi zai riƙe Dogon Ido har shekara ta zagayo.

A bana kowa tsuntsu ɗaya yake mafarki. Sunansa na littafi dogo ne, ba zan wahalar da kai da shi ba. Mu dai muna ce masa Mai Shuɗin Wuya. Ɗan ƙarami ne, bai fi gwara ba, ga kunya kamar baƙon da ya fasa kofi, amma a maƙogwaronsa akwai wani shuɗi wanda babu marinin da zai iya haɗa irinsa. Babu wanda ya taɓa ganinsa a tafkinmu. Wadda ta fi kowa ƙishirwar ganinsa ita ce dattijuwarmu, tsohuwar ungozomar asibiti, wadda rabin unguwar a hannunta suka faɗo duniya. Idanunta sun fara hazo, takan ce, "Ni dai in gan shi sau ɗaya kafin fitilar nan ta ƙare mai."

Yanzu kuma ga gwanin naka. Mijin ƙanwata ne, yana da shagon ba da hayar kujeru da lasifika a bakin titi. Mutum ne mai faɗin ƙirji da gashin baki kamar tsintsiyar share tsakar gida, muryarsa kuwa ba ta buƙatar hajarsa. Duk tsuntsun da ka ce ka gani, kafin ka rufe baki zai ce, "Na riga ka." Da haka sunan ya bi shi, har ƙanwata ma da shi take kiransa idan ranta ya ɓaci. Akwai ranar da Tela, wanda shi ke riƙe da Dogon Ido tun bara, kuma harshensa ya fi almakashinsa kaifi, ya ce ya ga wani tsuntsu mai ƙafa uku.

"Na riga ka," in ji Na-riga-ka. "Ai har uwarsa na sani."

Ranar da muka buɗe zaman bana, ban kai tsakiyar jawabina ba ya miƙe, ya buga ƙirji.

"Yaya, a yi mini afuwa. Ku kullum jiran tsuntsu kuke yi kamar masu jiran motar haya. Ni a bana tsuntsu ne zai zo ya gaishe ni. Tela, ka fara goge Dogon Ido, don ba na karɓar kaya da ƙura."

"Ka kawo kafaɗar da za ta ɗauka tukuna," in ji Tela.

Ungozoma ta dube shi ta saman tabarau. "Ɗan nan, ni na yanke maka cibiya. Tun ranar ka buɗe baki, har yau ban ji ka rufe ba. Tsuntsun nan shiru yake so."

"Inna, shiru na marasa dabara ne."

Washegari sai ga shi da buhun tsaki a bayan motar ɗaukar kujerunsa. Ya ce baƙo da abinci ake tarbarsa. Na ja hankalinsa cewa Mai Shuɗin Wuya ƙwari yake ci, ya ce ai matafiyi ba ya zaɓen abinci. Ya bi bakin tafkin yana watsa tsaki da hannu biyu kamar mai shuka. Kafin rana ta ɗaga, sararin sama ya yi duhu. Tattabarun gari ne kaf, na kasuwa da na tasha da na rufin asibiti, kamar an yi musu shela. Suka rufe bakin ruwa, suka kori duk wani baƙon tsuntsu, suka mayar da rufin rumfarmu bayan gida.

"Wanne ne a ciki?" in ji Tela, yana kare kansa da jarida. "Nuna mana, mu shaida."

"Waɗannan 'yan rakiya ne. Babban baƙo yana tafe."

Tattabara kuwa ba ta manta mai kyauta. Suka gane motarsa, suka bi ta har gida. Da yamma na je duba ƙanwata, na tarar da ita a tsakar gida riƙe da muciya, shanyarta duk ta koma zane mai ɗigo-ɗigo, kujerun haya kuwa kamar an yi musu fentin da bai gama bushewa ba.

"Yaya, ka ga abin da ɗan ƙungiyarka ya jawo mini? Wanki na tun safe!"

Na-riga-ka ya leƙo daga bayan ƙofa. "Alamar nasara ce. Duk wanda tsuntsaye ke bi gida…"

"To fito ka karɓi gaisuwar, ga su nan a kan zanin gadona!"

Bai fito ba.

Bayan tattabaru sun cinye tsakin sun watse, sai ya ce ya gano inda gizo ke saƙa: tsuntsu yana gudun siffar mutum ne, don haka shi zai daina zama mutum. Ya faki idon ƙanwata ya kwance korayen labulayen falonta, ya kai wa Tela ya ɗinka masa riga tun daga ka har ƙasa. Tela, wanda ya saba ja wa mutane rai da ɗinki, wannan karon ko hutawa bai yi ba. Har aljihuna ya ƙara masa kyauta, don a sami wurin soke rassa. Da safe muna zaune sai muka ga wani kurmi yana tahowa daga bakin hanya, yana tafiya yana tuntuɓe, ganyensa ɗanye sharaf. Ya zo gaban rumfa ya tsaya.

"Kun gane ni?" in ji kurmin.

"Ina fa," in ji Tela. "Mun ɗauka gandun daji ne ya zo yawon buɗe ido."

Kurmin ya wuce bakin ruwa ya tsuguna. Gaskiya ɗaya ce, kuma ni mutum ne mai ba kowa haƙƙinsa: dabarar ta so ta yi aiki. Wasu 'yan tsuntsaye masu dogayen ƙafafu suka matso kusa da shi suna kiwo. Sai dai ba tsuntsaye kaɗai ya ruɗa ba. Maigadin ma'aikatar ruwa yana da wata akuya, baƙa, mai ciki, wadda a wannan zafin ta daɗe ba ta ga ɗanyen ganye ba. Ta taho a hankali ta bayansa, ta fara daga ƙasa.

Muna jin kurmin yana raɗa. "Ke! Tafi! Ke, ba ki da kunya ne?"

Akuya ta ci gaba da aikinta. Ta gama da rassan baya, ta kama labule da haƙori ta ja. Kurmi ya ja, akuya ta ja. Sai kurmin ya miƙe tsaye ya zura da gudu, akuya na biye da shi tana tauna. Maigadi ya fito daga ɗakinsa ya ga itace na gudu da akuyarsa, ya rarumi sanda ya bi su yana ihu. Haka suka kewaye tafkin, itace a gaba, akuya a tsakiya, maigadi a baya, duk wani mai fiffike kuwa ya tashi sama yana kallon ikon Allah.

Da aka raba su, maigadi ya tsaya yana haki. "Ranka ya daɗe, tunda nake gadi ban taɓa ganin itace ya yi gudu ba. Kuma da takalmi!"

Na-riga-ka ya fito da kai ta yagaggen labule, ganye a gashin baki. "Gwaji ne. Idan har akuya ta yarda ni itace ne, ina ga tsuntsu?"

Ƙanwata kuwa, ba zan maimaita abin da ta faɗa ba da ta ga falonta tsirara. Takarda tana da alfarma.

Duk mai hankali a nan zai tsaya. Amma wanda ya hau dokin alfahari ba ya jin linzami. Na-riga-ka ya zo zama na gaba yana murmushi, ya ce mana duk abin da ya wuce share fage ne. Wai bara, a wata tafiya da ya yi da iyalinsa, ya haɗu da Mai Shuɗin Wuya ido da ido, har ya ɗauki kukansa a waya, bai faɗa mana ba ne don kada hassada ta kama mu. Zai sa kukan a babbar lasifikarsa, ɗan'uwan tsuntsun da ke wucewa a sama ya ji ya sauko.

Na gargaɗe shi cewa ƙungiya ba ta yarda da damun tsuntsaye da na'ura ba.

"Yaya, ba damu ba ne, gayyata ce."

Ya kuma gayyaci unguwa. Da muka iso da safen ranar, sai muka tarar ya jera kujerunsa na haya a bayan rumfa, mutane sun cika su: mai shagon aski, matan maƙwabta, masu sayar da kaya a bakin titi, ƙanwata ma ta zo, ta ce tana so ta ga ƙarshen abin da ya cinye mata labule. Ya ɗaure lasifika a jikin itace, ya haɗa ta da batirin mota. Shi kuma ya samo wani babban duron roba na ajiye ruwa, ya yanke gindinsa, ya huda 'yan ramuka biyu na ido a gefen da ke duban tafki, ya lulluɓe shi da busasshiyar ciyawa. Akuya ta zo ta shinshina, ta wuce.

Abin takaici, ya kai mai karatu, tunda muka kafa ƙungiya ban taɓa ganin tafkin ya cika kamar wannan safiya ba. Iska ta tsare matafiya, duk sun sauka. Agwagin ruwa iri-iri, da zalɓe, da jinjimi, da ƙananan baƙi masu yawo a bakin laka, tsattsewa kuma na shawagi a saman ruwa. Ungozoma ta zauna a bayan Dogon Ido tana bin ciyayi a hankali, leɓɓanta na motsi.

Na-riga-ka ya ɗaga hannu ga jama'a kamar mai shirin shiga jirgi. "Ku buɗe ido. Yau za ku ba jikokinku labari."

Ya je bakin ruwa ya tsuguna, ya kifa duron a kansa. Daga ciki ya danna waya.

Wani ƙara ya fashe daga lasifikar, mai kaifi, mai maimaituwa, kamar ana goga ƙarfe da ƙarfe. Cikin ƙiftawar ido tafkin ya tashi gaba ɗaya. Fukafukai suka rufe rana, ruwa ya fantsama, ko gashin tsuntsu ɗaya bai rage ba sai wanda ke saukowa daga sama.

Ungozoma ta ɗago kai. "Wannan ai ba kukan 'ku zo' ba ne. Kukan 'ku gudu, ga mugu nan' ne. Ɗan nan, lokacin da ka ɗauka, me kake yi wa tsuntsun?"

Ba sai ya amsa ba, lasifika ta amsa masa. Domin abin da ya ɗauka bai ƙare a kukan ba, shi kuma a cikin duhun duro, hannunsa jiƙe da gumi, wayar ta suɓuce masa ta faɗa laka tana ci gaba da aiki. Sai ga muryarsa ta cika unguwa, tana haki.

"Tsaya mana! Kai tsuntsu, don Allah tsaya, hoto ɗaya kawai! Tsaya… wayyo ƙafata!"

Aka ji ƙarar faɗuwa cikin ruwa. Sai kuma muryar ƙanwata, tar kamar tana tsaye a gabanmu: "Tashi ka ba mutane kunya. Wannan ai zakaran ƙeƙuwa ne, irin na bayan gidanmu."

"Ko ma wane ne. Wa zai gane? Tela bai san komai ba sai aljihu. Yaya kuwa, kafin ya gama jawabi tsuntsun ya kai wata ƙasa."

Jama'a suka kwashe da dariya har wani ya faɗo daga kujera. Ƙanwata ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa. Ni dai na gyara tabarau, na bar maganar ga tarihi ya yi mata hukunci. Tela ne ya tashi ya fizge wayar batir, lasifika ta yi tsit.

"Fito mana, gwani," in ji Tela. "Jikokinmu na jiran ƙarshen labari."

Duro bai motsa ba.

"Na-riga-ka!" in ji ƙanwata.

Wata 'yar siririyar murya ta fito daga ciki. "Ba na nan."

Aka yi ta zolayarsa har aka gaji. Masu shago suka koma shagunansu, sauran suka zauna suna jiran ganin fitowarsa. Shi kuwa kunya ta ɗinke masa baki ɗinkin da ko Tela bai iya ba. A hankali wurin ya yi shiru, irin shirun da rumfarmu ba ta taɓa samu ba tun ranar da ya shiga ƙungiya. Har motsin ciyawa kana ji.

Sai na ga Ungozoma ta ɗaga hannu ɗaya.

Daga cikin ciyayi wani ɗan tsuntsu ya fito, ya yi tsalle ɗaya, ya yi biyu, ya ɗaga wutsiya. Ya duba hagu, ya duba dama, bai ga wurin da ya fi tsayi da natsuwa ba sai wannan tulin busasshiyar ciyawa. Ya tashi fir ya sauka a kan duron. Da ya ɗaga kai, rana ta bugi maƙogwaronsa.

"Shi ne," in ji Ungozoma cikin raɗa, hawaye na bin kuncinta. "Shugaba, Tela, ku duba. Shi ne."

Muka ɗaga ƙananan madubanmu. Shi ne kuwa. Na shaida, Tela ya shaida.

Tela ya kewaya baki da tafin hannu, ya yi raɗa mai ƙarfi. "Kai, na cikin duro. Kada ka motsa."

"Me ya faru? Maciji ne?"

"Mai Shuɗin Wuya ne."

"Ina?"

"A kanka."

Tsuntsun ya gyara tsayuwa a kan ciyawar.

"Na riga ku," in ji duron.

"Riga mu me? Ka gan shi?"

"Ina jin takunsa."

Ka tuna, ya kai mai karatu, ramukan idonsa gaba kawai suke kallo. Sai muka ga duron ya fara juyawa a hankali, a hankali, yana neman abin da ke kansa. Tsuntsun kuwa bai damu ba, ya yi zamansa ana juyawa da shi kamar kayan da aka ɗora a tagar kanti. Muka ga bayansa, muka ga gefensa, muka ga jan da ke gindin wutsiyarsa.

"Yauwa, ɗan albarka," in ji Ungozoma, idonta a manne da Dogon Ido. "Ɗan koma hagu kaɗan in ga ƙirjin. Haka. Tsaya nan. Kai, Allah Ya yi maka albarka."

"Inna, yaya yake?" Muryar kamar zai yi kuka.

"Ai ka san uwarsa," in ji Tela.

Ungozoma ta kalla har ta ƙoshi, ta ba Tela wuri, ya kalla. Ƙanwata ma, wadda ba 'yar ƙungiya ba ce, aka ba ta ta leƙa, ta ce, "Kai! Ashe da gaskiyarku." Ni kuwa, bisa ladabin shugabanci, na bar kaina a ƙarshe. Na cire tabarau, na goge shi, na mayar, na sunkuya da natsuwar da ta dace da lokacin, na sa ido.

A daidai wannan lokaci haƙurin Na-riga-ka ya ƙare. Ya yi kururuwa, "Ni ma sai na gani!" ya wurgar da duron sama. Abin da na gani a cikin Dogon Ido, wanda zai bi ni har kabari, shi ne ƙofar hancin mijin ƙanwata, ta cika madubin kamar bakin rijiya, da gashin baki a ƙarƙashinta yana ɗigar gumi.

Tsuntsu ya yi nasa wuri. Na-riga-ka ya ɗaga kai sama yana juyi, ƙafafunsa da suka sage saboda tsuguno suka ƙi ɗaukarsa, ya tafi da baya ya zauna daram a cikin laka. Yana nan zaune ya nuna sama da yatsa.

"Ga shi can! Na gan shi! Ku shaida!"

Muka duba. Tattabara ce, ɗaya daga cikin tsofaffin baƙinsa, ta gane shi tana saukowa.

Ban bari rana ta yi zafi ba na kira zaman hukunci a nan cikin rumfa, jama'a na tsaye. Aka tsamo mai laifi aka tsayar da shi a gabana, laka na zuba daga wandonsa. Duk da haka bakin bai mutu ba.

"Yaya, a duba lamarin da adalci. Duk faɗin tafkin nan, a kan wa ya sauka? Tsuntsu ya zo ya gaishe ni kamar yadda na faɗa. Dogon Ido nawa ne."

"In haka ne a ba duro," in ji Tela.

Na buƙaci a yi shiru. Na bayyana wa taron cewa doka ta ce wanda ya gani, ba ta ce wanda aka taka ba. Wadda ta fara gani, ta kuma nuna wa shaidu biyu, ita ce Ungozoma, saboda haka Dogon Ido ya koma hannunta har shekara ta zagayo. Aka yi tafi. Dattijuwar ta shafa madubin kamar jaririn da ta gama yi wa wanka, sannan ta ce ita fa ba za ta iya ɗaukarsa ba, ya fi ƙarfin kafaɗarta.

Na ce mata ta kwantar da hankalinta, doka ta tanadi kafaɗa.

Sannan na juya ga mai laifi, na lissafa masa abin da ya aikata: ya tara mana tattabaru, ya tayar da hankalin akuya mai juna biyu, ya kori baƙin tafki da lasifika bayan an gargaɗe shi, ya kuma sa hancinsa a inda Shugaba ke sa ran ganin Mai Shuɗin Wuya. Maganar tsawon jawabina na ce na yafe, domin babba juji ne. Ban ci shi tarar kuɗi ba, don na san gobe zai ce ya riga kowa biya.

Ga tarar da na ɗora masa, kuma tana nan tana aiki har yau da nake wannan rubutu: zai mayar wa ƙanwata labulayen falonta sababbi, koraye kamar na da. Kuma kowace safiya, har tsuntsayen baɗi su zo su wuce, shi zai ɗauko Dogon Ido a kafaɗarsa daga ƙofar Ungozoma zuwa rumfa, ya kafa mata shi, ya koma ƙarshen benci ya zauna, ba leƙe, ba lasifika, bakinsa a rufe ruf har a tashi.